Kuɗin ɗinkin Salla: a rubuta ko a yi shiru?

Bayan Sallar layya da ta wuce, kawuna da ke zaune Faransa ya aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp, har minti shida. Tela ne. Ya shekara goma sha uku a wani gari kusa da Liyon, takardunsa na zama cikakku, keken ɗinkinsa na cikin ɗakin da yake kwana. Aikin ba kullum yake samuwa ba, shi ya sa yake cikin masu karɓar tallafin da gwamnatin can ke ba marasa ƙarfi, wanda suke ce ma RSA. A makonnin kafin Salla, mutanen ƙasashenmu da ke unguwarsu suka yi ta kawo mashi shadda, ya ɗinka, suka biya shi hannu da hannu, ba rasit ba banki. Da ya ƙirga sai ya ga yuro 900. Ga shi kuma lokacin cika takardar wata uku ya zo, takardar da ake rubuta duk abin da mutum ya samu.

Ya ce mini: "Ɗana, kai da ke karatu mai zurfi, ba ni shawara. In na rubuta kuɗin nan za su rage mini. In na yi shiru ba wanda ya sani sai Allah. Kuma ka san rabinsu na riga na turo ma tsohuwa ta sayi hatsi. To ya ka gani?"

Ban ba shi amsa ranar ba. Na kai maganar fadarmu, ban faɗi sunansa ba, muka kwana uku muna shayi a kanta. Abin da ke cikin wannan rubutu shi ne abin da na tsinta daga gardamar nan, da inda ni na tsaya. Wanda bai yarda ba, littafin gaba na nan tafe, ya ɗauki bik ya mayar mini.

Bari in fara da yadda abin yake, don da yawa cikinmu in sun ji "tallafi a Turai" sai su zaci kuɗi ne ake zubawa a titi. An kafa RSA a 2009, ya maye gurbin wani tsohon tallafi, RMI, da aka fara a 1988. Ana ba wanda ya kai shekara 25, baƙo irin kawuna kuma sai ya shekara biyar da takardar zama mai izinin aiki. A watan Afrilu na 2025, cikakken kuɗin mutum guda marar iyali ya kai yuro 646 a wata, wato sama da sefa dubu 420. A kunnenmu albashin babban ma'aikaci ke nan, amma a can kuɗin ɗaki da wuta da abinci sun isa su lashe shi kafin wata ya mutu. Kuma cikon giɓi ne: ana duba abin da ka samu, a cika maka zuwa wancan adadi. Kowane wata uku kana shaida ma ofishin da ke biya, CAF, abin da ya shigo hannunka, da shi ake lissafin wata uku masu zuwa.

Mai sana'ar kansa da ya yi rajistar ƙaramar sana'a, kamar kawuna, ba a tambayarsa nawa ya kashe a zare da allura da wuta. Yana faɗin jimillar cinikinsa, sai a yafe wani kaso a matsayin kuɗin da sana'ar ta ci: kashi 71 cikin 100 ga mai saye da sayarwa, kashi 50 ga mai aikin hannu. Sauran shi ake ɗauka riba. Daga cikin cinikin kuma yana biyan kuɗin inshorar ma'aikata, wajen kashi ɗaya cikin biyar. Akwai wani tallafin daban na masu aiki, da ke mayar ma mutum wajen kashi 60 na abin da aikinsa ya jawo aka rage mashi. Da muka zauna da kawu muka buga lissafin, in ya rubuta yuro 900 ɗin nan, abin da zai fita daga hannunsa, tsakanin ragin tallafi da kuɗin inshora, ya kai wajen yuro 370. Kusan sefa dubu 240 ke nan. Duk wanda ke da tsohuwa a ƙauye ya san abin da wannan kuɗi ke yi a watan bazara, sa'ad da rumbu ya kai ƙasa.

Akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi. Tun watan Maris na 2025, mai albashi yana tarar da takardarsa an riga an cika mashi, don kamfaninsa ya aika ma hukuma adadin. Nasa dubawa ne kawai. Ko da yana son ya ɓoye, ba hanya. Tela da mai kitso da mai gyaran famfo su ne aka bar ma alƙalami a hannu. Saboda haka in muka ce mai albashi ya fi su gaskiya, mun yi mashi yabon da bai yi ma wahala ba. Jarrabawar a kan mai sana'ar kansa ta faɗa, shi da kuɗinsa suka fi na kowa rashin tabbas.

A fada, wanda ya fara magana abokinmu ne mai karatun tattalin arziki. Ya ce, "Kai, wace irin tambaya ce wannan? Daga 1971, shekara da shekaru aka yi ana haƙar uraniyom a Arlit ana kunna ma Faransa wuta. Yuro ɗari uku na wani tela ne zai zama sata? Ai bashi ne yake karɓa." Aka yi shewa, har mai shayi ya ƙara mashi kofi. Ni ma da farko maganar ta yi mini daɗi. Amma da na kwana da ita sai na ga ba ta tsayawa. In akwai bashi, na jama'ar ƙasa ne gaba ɗaya, har da matar da ke zaune gefen ma'adinan ba ta da wuta a ɗakinta. Ba wanda ya wakilta kawuna ya karɓo shi, kuma in ya karɓa aljihunsa za su shiga. Sa'an nan kuɗin tallafin daga harajin mutanen da ke zaune can ake tara su, cikinsu har da ɗan Mali mai shara a tashar jirgi da ƴar Kamaru mai kula da tsofaffi, waɗanda ake cire ma nasu tun kafin albashi ya iso hannunsu. Na lura kuma cewa irin wannan hujja ba ta zuwa ma mutum sai ranar da zai ci riba da ita. Ban taɓa jin wanda ya tuna da Arlit ranar da lissafi ya faɗa mashi daidai ba.

Ta biyu, wata ƴar ajinmu, ta tuno mana darasin falsafa na ajin ƙarshe a lise. Mushenmu ya taɓa ba mu labarin gardamar 1797 tsakanin Benjamin Constant da Immanuel Kant. Shi Constant yana ganin gaskiya hakki ce da ake ba wanda ya cancance ta, don haka mai kisan kai da ya zo yana tambayar inda abokinka ya ɓuya ba shi da hakkin ka gaya mashi. Kant ya ƙi, ya ce ƙarya ba ta halatta ko a nan. Ƴar ajin namu ta ce ita ba ta bin Kant har can, amma a maganar tela ba ma sai an kai can ba. Ko a ma'aunin Constant mai sauƙin, ofishin da ke biyan tallafi yana da hakkin ya ji gaskiya. Bai zo kashe kowa ba. Kawu ne ya je da ƙafarsa ya ce ba ni da shi, a taimake ni, aka ce to, da sharaɗin ka riƙa faɗa mana abin da ka samu, ya sa hannu. Wanda ya karɓi kuɗi a kan magana, maganar ta zama amana.

Ta ƙara da cewa tsarin gaba ɗaya a kan yarda yake tsaye. Ba hukumar da za ta iya sa ma'aikaci a ƙofar kowane tela. In kowa ya riƙa rage nasa, abu biyu ne zai faru: ko a tsananta bincike har mai gaskiya ya rasa sukuni, ko masu biyan haraji su gaji su zaɓi wanda zai rufe asusun. A ƙasar da wasu ƴan siyasa ke neman ƙuri'a da cewa baƙi sun zo cin tallafi, kowace ƙarya da aka kama a hannun baƙo ɗaya, dubban baƙi ne ke biyan ta.

Nan na zaci magana ta ƙare. Sai wani da ba ya yawan magana, wanda uwarsa ke tuyar ƙosai a bakin tasha, ya ce, "Ku duk kuna ta faɗin gaskiya, gaskiya. To ku tambayi innata nawa take samu a wata, ku ga in za ta iya faɗa maku, alhali ba ta taɓa yi ma kowa ƙarya ba." Ya yi bayani. Kuɗin da ke cikin gwangwaninta da yamma, wasu na mai wake ne da ta ɗauka bashi, wasu na mai ne na gobe, wasu zubin adashi ne, wasu an riga an cinye su ƙosai a bakin ƙannensa. Ranar kasuwa ta samu, ranar ruwa ta dawo da ƙullu. Tambayar "nawa kike samu a wata" an ƙera ta ne don mai albashi, wanda watansa ke da farko da ƙarshe. Ita watanta ba shi da ƙarshe, uwar kuɗi da riba a tukunya guda suke dahuwa.

Wannan magana ce ta fi tsaya mini, don ta shafi kawuna kai tsaye. Yuro 900 ɗin Salla ba za su sake zuwa ba sai wata Sallar. Amma tsarin zai ɗauke su ya rage mashi tallafin wata uku masu zuwa, daidai lokacin da keken zai yi shiru. Da na bincika sai na ga kowace ƙasa da irin tata matsalar awo. A Ingila, mai sana'ar kansa da ke karɓar tallafin Universal Credit kowane wata yake faɗin abin da ya shigo da abin da ya kashe, kuma a kan kowane fam da ya samu ana rage mashi kashi 55 cikin 100. Bayan shekara guda da fara sana'a, in aka ɗauke ta a matsayin babban aikinsa, sai a ƙaddara cewa yana samun aƙalla abin da mai mafi ƙarancin albashi ke samu, ko ya samu ko bai samu ba. Watan da ya yi ciniki a lissafa mashi cinikin, watan da bai yi ba a lissafa mashi kuɗin da bai gani ba. Ita kanta gwamnatin ta dakatar da wannan ƙa'ida a 2020 lokacin korona, ta dawo da ita a 2021. A Ostareliya kuma kishiyar haka aka yi: kwamfuta ta ɗauki kuɗin shekara na mutane ta raba daidai a kan kowane mako biyu, ta ce duk wanda ya karɓi tallafi a makonnin da ba shi da aiki ya ci bashi. Aka bi dubban ɗaruruwan mutane bashin da ba su ci ba, har kotu ta ce hanyar ta saɓa ma doka a 2019, kwamitin bincike ya yi tir da ita a 2023.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan wahalar awo. A mazhabar Malikiyya, fakiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba, kuma ɗan kasuwar da kayansa ke juyawa kullum, wata guda yake warewa a shekara ya ƙiyasta hajarsa don zakka. Sun auna da shekara, saboda a cikinta ne kaka da bazara suke haɗuwa. Kuma sun ce wanda ya zo ya ce shi mabuƙaci ne a gaskata shi, sai in akwai dalilin shakka. Wato yarda ce farko, bincike ya biyo baya.

To, ina na tsaya? Ina ganin muna cakuɗa abu uku da ya kamata a raba. Akwai wanda aka yi ma tambayar da ba ta da amsa guda, kamar mai ƙosai, ya ba da iyakar abin da ya iya ƙiyastawa. Wannan bai yi ƙarya ba ko da lissafinsa ya kauce. Akwai wanda ya yi kuskure, ya sa ciniki a layin riba ko ya manta wani aiki na wata biyu baya. Shi ma ba maƙaryaci ba ne, kuma dokar Faransa ta 2018 ta amince cewa wanda ya yi kuskure karo na farko ba da mugun nufi ba, zai gyara ya mayar da abin da aka ba shi fiye da kima, ba tare da tara ba. Sa'an nan akwai wanda ya san adadin sarai, ya ƙirga shi da hannunsa, ya ga layin da aka ce ya rubuta, ya bar shi fayau. Kawuna, Allah ya ba shi haƙuri, a nan yake. Bai ce mini bai san nawa ba ne. Cewa ya yi 900. Duk abin da muka faɗa a kan rashin adalcin ma'auni gaskiya ne, amma ba ya mayar da 900 su zama sifili.

Na san abin da za a ce mini: kai da ba ka ciyar da kowa, da sauƙi ka yi wa'azi da cikin wani. Na karɓa. Kuma ban ce laifin tela da ya ɓoye kuɗin Salla ɗaya yake da na attajirin da ya kai dukiyarsa wata ƙasa don gudun haraji ba. Buƙata tana rage nauyin laifi, kowane alƙali mai hankali ya san haka. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce ta canza mashi suna. In muka ce ƙaryar talaka ba ƙarya ba ce, mun raina shi ke nan, mun ce maganarsa ba ta da nauyin da za a riƙe shi da ita. Ni kuwa na san kawuna. In mai shadda ya manta canjinsa, har gida yake bin shi da shi. Me zai sa mutumin da ba ya cin dala ɗaya ta wanda yake gani ya ci ta wanda ba ya gani? Ina jin amsar ita ce ofis ba shi da fuska, ba ya gaisuwa, ba ka haɗuwa da shi a masallaci ko wurin suna. Amma bayan ofishin mutane ne, nisa ce kawai ta ɓoye su.

Sai dai amana hanya biyu gare ta, kuma wannan rabin ne masu wa'azin gaskiya ke tsallakewa. Hukumar da ke son a gaya mata gaskiya, wajibinta ne ta yi tambayar da za a iya amsawa, ta auna mai sana'a da ma'aunin da ya san akwai Salla akwai bayan Salla, kuma kada ta ɗauki mai kuskure ɓarawo. A can, in an biya ka fiye da kima ana iya bin ka har shekara biyu baya, in an ce da gangan ne har biyar. Hukumar na amfani da kwamfuta tana ba kowane mai karɓa maki na yiwuwar matsala a takardunsa, kuma a watan Oktoba na 2024 ƙungiyoyi 15 suka kai ƙara babbar kotun mulki, suna cewa makin ya fi hawa kan mafi talauci. Ga wani adadi kuma da ba a cika faɗi ba: binciken ma'aikatar da ke kula da harkokin jama'a da aka fitar a 2022 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen da suka cancanci RSA ba su nemansa. Wasu ba su sani ba, wasu kunya, wasu tsoron takardu da bashin da ka iya biyo baya. In ana lissafin abin da maƙaryata suka ci, a lissafa da abin da masu tsoro suka bari.

Kada mu ce wannan maganar Turai ce kawai. A nan gida, shirin tallafin gidaje marasa ƙarfi da aka fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya ya riƙa ba mata jika goma a wata a ƙauyukan Maraɗi, Damagaram, Tawa, Dosso da Tillaberi. Da yake an san ba mai iya faɗin kuɗin watansa, sai ake tambayar abin da ido ke gani: irin rufin ɗaki, dabbobi, yawan bakunan da ke ci. Kuma duk mun taɓa jin labarin gidan da ake kora awaki zuwa maƙwabta ranar da masu rubutu za su zo. Muna ba da labarin muna dariya. Amma a nan wanda aka cuta yana da fuska, don gurbin ƙididdige yake: in mai awaki goma ya shiga, wata bazawara da ba ta da ko kaza ta fita, kuma rijiya guda suke ɗiban ruwa. Mu kanmu ɗalibai, ranar da aka miƙo mana takardar neman taimako aka ce sana'ar uba, nawa ne cikinmu ke rubuta "manomi" alhali tsoho na da shago biyu a kasuwa? Wanda ya yi haka bai da bakin zagin minista.

Daren na huɗu na kira kawu. Na gaya mashi ni dai a ganina ya rubuta, kuma tun yanzu ya sayi kaye ya riƙa sa kowane ɗinki da ranarsa, ya ware kuɗin inshora gefe tun ranar da aka biya shi, don kada watan lissafi ya same shi hannu wofi. Na ce ya je wurin ma'aikatan jin daɗin jama'a na unguwarsu su duba mashi ko akwai wani hakkinsa da bai nema ba, tunda masu barin nasu sun fi yadda ake zato. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "To, na ji, malam. Amma kai za ka je ka gaya ma tsohuwa cewa na watan gobe zai ragu."

Na je ƙauye ranar Juma'a na gaya mata. Ta tambaye ni ko lahiyarsa lau, na ce lau. Ta ce ko wani abu ya yi ma hukumar can, na ce a'a, don kada ya yi ne. Ta ce to Allah ya yi mashi albarka, sa'an nan ta aike ni in tambayo mata nawa tiyar hatsi take a kasuwa wannan makon.